Layin dogon wasa a lambu: a lulluɓe shi ne, ko a bar shi a sarari?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a arewacin Ingila ya aiko da tambaya. Ya sayi ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, samfurin LGB, na hannu, da layinsa da ya kai mita 20, ya shimfiɗa wa yaransa a kan ciyawar bayan gida. Da fari lafiya lau. Yanzu kuwa jirgin ba ya gama zagaye ɗaya sai ya tsaya cak ko ya sauka daga layi, ganye da ƙirare sun cika tsakanin ƙarafunan, injin yankan ciyawa ya lanƙwasa gaɓa guda, ga kuma hunturu na tafe. Yana so ya sani: ya sayi tamfol ya lulluɓe layin, ko ya kwashe shi ya kai ɗaki sai bazara?

Malam, ajiye kuɗin tamfol ɗinka, kuma ba sai ka kwashe layin ba. Wannan layi don waje aka yi shi. Tun 1968 da kamfanin Lehmann na Nurambag a Jamus ya fito da LGB, abin da ya sayar da shi ke nan: jirgin da zai yi gudu a ɗaki ya kuma yi a lambu, cikin ruwa da rana. Faɗin da ke tsakanin ƙarafunan milimita 45 ne, ƙarfen kansa tagulla ne mai kauri, tsayinsa ya ɗan haura milimita 8, 'yan sandunan robar da ke riƙe da shi kuma an haɗa su da abin da ke hana rana cinye su da wuri. Ruwan sama ba ya yi wa tagulla komai illa ya dusashe ta ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ma ya fi kyau a ido. Je ka Bekonscot da ke Beaconsfield, ƙauyen kwaikwayo mai ƙananan gidaje da aka buɗe a 1929, za ka ga jirage masu irin faɗin layinka suna ta zagaye a fili, ruwan Ingila na dukan layin shekara da shekaru.

Tamfol kuwa matsala zai ƙara maka. Yana riƙe laima a ƙarƙashinsa, ciyawa ta mutu ta ruɓe ta manne da layin, dodon koɗi da tururuwa su samu gida. Ranar da iska ta taso sai ya riƙa kaɗawa yana fizgar layin, duwatsun da ka danne shi da su kuma su mirgino kan ƙarfen. Mafi muni, abin da aka rufe ba a ganinsa, wanda ba ya gani kuwa takawa zai yi.

Ciwon layinka yana ƙarƙashinsa ne. Ka ɗora shi a kan ciyawa, ciyawa kuwa ba ta da tabbas: tana tsiro ta cikin sanduna, tana lotsawa idan ta jiƙa, kuma dole a yanke ta, wato dole injin yanka ya zo daf da layin duk mako. An taɓa yin tallar LGB da giwa ta ɗora ƙafa a kan layin bai lanƙwashe ba. Gaskiya ne, amma a kan ƙasa mai tauri da ke lebur. Idan akwai ɗan rami a ƙarƙashin ƙarfen, ɗan shekara bakwai ma zai lanƙwasa shi. Saboda haka kafin mu zo kan shara da goge-goge, sai ka yi wa layin gado.

Hanyar da na fi ba masu farawa ita ce wadda jirgin gaske ke bi. Ka zana inda layin zai bi, ka cire ciyawar, ka haƙa ɗan kwari mai zurfin santimita 10 zuwa 15, faɗinsa kamar 20. Ka shimfiɗa ƙyallen nan baƙi na hana ciyawa tsiro, mai barin ruwa ya wuce. Ka cika kwarin da fasasshen dutse, ka daddaɓe shi sosai har sai ka taka ƙafarka ba ta nutse ba, ka bar samansa ya ɗara ciyawar da ke gefe da santimita biyu ko uku don ruwa ya gangare. Sannan ka ɗora layin, ka zuba ƙananan tsakuwa a kai, ka share ta da buroshin fenti ta shiga tsakanin sanduna, ka yayyafa ruwa ta zauna.

A nan mutane da yawa ke yin asarar kuɗinsu, don haka bari in tsaya. Tsakuwar dole ta zama fasasshiya mai kaifin baki, girmanta milimita 3 zuwa 6, irin wadda shagunan kayan lambu ke sayarwa don haɗa ƙasar tukwanen shuka. Kada ka sayi mulmulalliyar tsakuwar rafi, komai kyanta. Mai kaifi tana cije 'yar'uwarta ta riƙe layin; mulmulalliya mirginawa take yi, ruwa ɗaya ya kwashe ta ya watsa cikin ciyawa, daga nan kuma injin yanka ya tsince ta ya harba wa gilashin taga. Wasu na amfani da tsakuwar da ake ba kaji, tana yi in dai ta dutse ce. Ta ɓawon kawa narkewa take yi a hankali. Yashi ma a bar shi, don shi ne ke shiga cikin giyar jirgi ya cinye haƙoranta.

Layin kuma kada ka kafe shi da ƙusa. Ka bar shi ya zauna cikin tsakuwar kawai, saboda ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana ƙanƙancewa da sanyi. Lissafin tagulla mai sauƙi ne: kowace mita tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 a duk digiri ɗaya. Ƙarfen da rana ke duka yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da kusan digiri 20, shi ya sa a ranar 19 ga Yuli 2022, da zafi ya kai digiri 40.3 a garin Coningsby, aka dakatar da jiragen ƙasa da dama a Ingila, wasu kuma aka rage musu gudu. Ɗauki miƙaƙƙen layi na mita 10 a lambunka. Tsakanin daren Janairu mai ƙanƙara da tsakar ranar Yuli, zafin ƙarfen na iya bambanta da digiri 50, wato tsawonsa zai canza da milimita 9 da rabi, kusan santimita guda. Idan ka kafe shi gam, wannan santimita sai ta nemi mafita: ko layin ya bankare gefe, ko ya tsinke 'yan haƙoran robar da ke riƙe ƙarfen a kan sanduna. Idan kuwa yana zaune sake cikin tsakuwa, wuraren da layin ya yi kwana sukan ɗan buɗe da rana su dawo da dare, ba wanda zai lura. Alminiyom ya fi tagulla miƙewa, in har wata rana arha ta ja ka ka sayo layin alminiyom. Ka shimfiɗa layi a rana mai matsakaicin yanayi, ka bar ɗan tsagi kamar kaurin katin banki a kowace mahaɗa ta dogayen gaɓoɓi.

Wannan sassaucin shi ne kuma maganin ƙanƙarar hunturu. Ruwan da ke cikin ƙasa idan ya daskare kumbura yake yi ya ɗaga abin da ke samansa. Gadon tsakuwa ba ya riƙe ruwa, ɗagawar kaɗan ce, kuma idan bazara ta shigo sai ka bi layin da ma'aunin lebur na magina, inda ya lotsa ka ɗaga ka cusa tsakuwa, inda ya tashi ka girgiza ya zauna. Ka fi kula da lebur na gefe da gefe. Layin da ya ɗan hau tudu jirgi zai jure, muddin hawan bai wuce santimita 2 ko 3 a kowace mita ba, amma wanda ya murɗe, ƙarfe ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ke ɗaga taya guda ya saukar da kan jirgi a kwana. Ka ajiye buhu guda na tsakuwa a gefe, duk shekara za ka ƙara.

Turawan Ingila da yawa, musamman masu ƙananan jiragen da ke aiki da tururi na gaske, ɗaga layin suke yi sama gaba ɗaya, a kan jeren bulo ko a kan katako bisa turaku, daga tsayin gwiwa har zuwa ƙugu. Ya fi tsada da wahala, amma yana kashe rabin matsalolin da ka lissafa a lokaci guda: ƙafa ba ta kaiwa, injin yanka ba ya kaiwa, iska na share ganye da kanta, kai ma bayanka ya huta. In ka bi wannan hanya da katako, ka lulluɓe samansa da kwaltar rufin ɗaki ta nadi don kada ya ruɓe, ka ɗaure layin da 'yan ƙusoshi ta cikin sanduna jefi-jefi, ba tare da ka matse ba. Tunda yara ƙanana ne abin ya shafa, ni dai da jeren bulo ɗaya ko biyu zan tsaya, yadda za su gani ba sai an ɗaga su ba.

Injin yankan ciyawa kuwa, maganinsa iyaka. Ka jera jan bulo a kwance a gefen gadon, samansu daidai da ƙasa, yadda tayar injin za ta bi ta kansu wuƙar ba ta kai ga layi ba. Ka riƙa juya bakin injin yana tofar da ciyawa nesa da layin. Wanda ya fi shi ɓarna shi ne ƙaramin injin datsa mai bulalar roba. Bulalar na karya kan sanduna, tana watsa tsakuwa, ga yankakkiyar ciyawa mai ɗanko da take fesawa kan ƙarfe. Kusa da layi almakashin hannu ya fi. Sai tiyon ban ruwa. Mutum ya ja shi daga wancan ɓangaren lambu, bai san ya sarƙe layin ba, sai ya taho da mita biyu. Ka kafa 'yan turaku a kusurwoyi tiyo ya riƙa zagaye su. Inda kuma hanyar mutane ta ratsa layi, kada ka dogara da cewa za a riƙa tsallakawa, ba za a yi ba, balle mai tura baro. Ka nutsar da layin tsakanin falalen daɓe biyu, samansu daidai da saman ƙarfen, a tsakiya ka sa ɗan katako ka bar tsagi a kowane gefe don leɓen taya, wato bakin da ke riƙe ta a kan ƙarfe, ya wuce. Gaɓar da ta riga ta lanƙwashe kuwa, idan lanƙwasar gefe ce mai laushi za ta miƙu a hannu. Idan ƙarfen ya karye kwana sama ko ƙasa, yanke wurin ko ka sayi sabuwa, don ba zai ƙara komawa daidai ba.

Yanzu ganye. Ko manyan jirage ba su tsira ba: duk kaka Network Rail, kamfanin da ke kula da layukan dogo a Birtaniya, na fitar da jirage na musamman masu wanke dogo da ruwa mai ƙarfi, domin ganyen da taya ta niƙe yakan zama baƙin santsi a kan ƙarfe. Naka ma haka ne, sai dai ga ƙarin cewa jirginka ta cikin ƙarfen yake shan wuta, ganye ɗaya jiƙaƙƙe ya isa ya yanke masa ita. Babban ganye ba shi da wahala, tsintsiya mai laushi ko injin hura ganye a ƙaramin ƙarfi ya wadatar. In ka buɗe masa wuta har tsakuwar zai kwashe. Manjagara ta ƙarfe kada ta kusanci layi. Abin tsoro su ne ƙanana: karan ganye, allurar itatuwan fayin, 'ya'yan itace masu tauri, ɗan tsinken da ya kwanta a jikin ƙarfe ta ciki daidai inda leɓen taya ke bi. Su ne ba ka gani daga tsaye, su ne kuma ke kayar da jirgi.

In akwai bishiyar da ke zubar da ganye a kan wani sashe, a nan rufi na da amfani, shi ma raga ce, irin wadda ake rufe kududdufin kifi da ita, daga Oktoba zuwa farkon Disamba. Ka ɗaga ta a kan 'yan sanduna kada ta taɓa layi, ka ɗaure ta tamau, ka riƙa dubawa, don bushiya na sarƙewa a raga mai sako-sako. Da bazara kuma wata bishiyar za ta kawo maka abin da ka sani tun a gida: darɓa, irin wadda ke manne ganyen dawa. Ƙwarin da ke tsotsar ganyen bishiya ne ke zubo ta, ta sauka kan ƙarfe, ƙura ta manne, jirgi ya riƙa shessheƙa. Ruwan ɗumi da tsumma ke fitar da ita. Idan kana da zaɓi tun farko, kauce wa ƙarƙashin bishiya, ko da layin zai gajarta.

Wurin da ya fi ko'ina rauni shi ne mararraba, inda jirgi ke sauya layi. Can akwai harsunan ƙarfe biyu masu motsi, kuma ƙwayar tsakuwa guda ta isa ta hana harshe rufewa. Tsagin milimita ɗaya ya isa taya ta bi ta inda bai kamata ba. Kada ka cika tsakuwa a wurin, ka bar ta ƙasa da saman sanduna, ƙarƙashin sandar da ke jan harsunan kuwa ka bar shi fayau. Kada ka zuba mai, mai kiran ƙura yake yi. Garin girafait busasshe ya fi, ko ka goga bakin fensir mai laushi a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Tsohon buroshin haƙori ya zama yana aljihunka. Mararraba ita ce abu na biyu da na yarda a rufe: guntun indararon roba a kife, da bulo a kai, duk ranar da ba a wasa. In tana da ƙaramin injin lantarki mai juya ta, kwance shi ka shigar da shi ɗaki da hunturu, domin tururuwa da gizo-gizo na son wannan akwati ƙwarai. Kuma duk mararraba ta kasance inda hannunka zai kai ba tare da ka taka shuka ko layi ba.

Idan yara suka matsa sai an yi musu kogon da jirgi zai ratsa, kuma za su matsa, kada tsawonsa ya wuce inda hannunka zai kai tsakiya daga kowane baki. Ka yi masa marfi a baki biyun, ka leƙa da tocila kafin ka toshe, saboda kwaɗi, ɓeraye da bushiya duk suna ɗaukarsa masauki. Dodon koɗi kuwa da yamma yake hawa layi, jirgi ya murƙushe shi, majinar ta bushe ta zama kamar gam. Tsince su da hannu. Kada ka barbaɗa gishiri, ko don su ko don narkar da ƙanƙara, yana cin ƙarfe da mahaɗai. Ƙwayoyin maganinsu masu sinadarin metaldihaid kuma an hana amfani da su a waje a Birtaniya tun Afrilun 2022. Kare da dila ba su da magani sai gado mai tauri da haƙuri.

Tsayawar da jirginka ke yi, ina kyautata zaton biyu ne suka haɗu: saman ƙarfe ya dusashe, mahaɗai kuma sun saki. Dusashewar tagulla ba ta barin wuta ta wuce sosai, don haka saman ƙarfen kawai, inda taya ke taɓawa, shi ake so ya yi haske. LGB na da dutsen gogewa na roba da aka yi don haka, suna kuma da kan jirgi mai goge layi da kansa, mai tsada. Mai arha shi ne ka samo sandar da masu gyaran bango ke goge filasta da ita, mai kai mai juyawa, ka ɗaura mata koren soson wanke tukwane, ka bi layin a tsaye kana turawa. Mita 20 ba za ta ci maka minti biyar ba. Samfefa mai kaushi tana barin ƙananan kwari a ƙarfe, datti ya samu wurin zama, gobe ya fi yau. Soson ƙarfe kuwa haram ne a wannan harka: gashinsa na zubewa, maganaɗisun injin jirgi ya tsince shi. Ka duba tayoyin taragon ma. Na roba suna tara baƙin datti suna shafa wa layi, in ka samu hali ka musanya su da na ƙarfe, za su kuma ƙara wa tarago nauyi a ƙasa ya daina kifewa.

Mahaɗan da ake turawa, waɗanda suka zo da layin, suna buɗewa a hankali saboda miƙewa da ƙanƙancewar da na faɗa, ƙasa ta shige ciki. Tunda za ka ɗaga layin don yin gado, wannan ce damarka: ka wanke kowace mahaɗa, ka ɗan matse ta da filaya, ka sa ɗigon giris mai girafait kafin ka haɗa. Mafi inganci su ne mahaɗai masu noti, irin na kamfanin Massoth ko Split Jaw. Ko ba ka saya wa layin duka ba, ka sa su a mararraba, don ka iya ciro ta ka wanke ba tare da ka tayar da maƙwabtanta ba. In ka yi amfani da su ko'ina, ka tuna layin ya zama ƙarfe guda, duk miƙewarsa a kwanoni za ta fita, sai ka bar musu wurin motsi. Ka kuma ja waya mai kauri daga na'urar wuta zuwa wuri biyu ko uku a zagayen, musamman can nesa. Wutar layi ba ta wuce volt 24, ba ta da haɗari ga yara, amma taransifomar da ke shan volt 230 a ɗaki take kwana, a busasshen wuri, a kan soket mai katse wuta da kansa idan ta zube.

Akwai masu gajiya da goge-gogen nan su mai da jirginsu mai batir da rimot. Ba laifi, kuma a lambu mai bishiyoyi ni ma shi zan ce. Amma batir dusashewar ƙarfe kawai ya raba ka da ita, tsinke da tsakuwa suna nan.

Saboda haka kafin kowane wasa, wani ya zagaya layin a ƙafa, yana dubawa yana tsincewa, ya gwada kowace mararraba da hannu. Ba wa babban cikin yaran wannan aiki, za ka ga yadda zai riƙe shi. Zagayen farko a yi shi a hankali, da kan jirgi shi kaɗai ba tarago, hannunka a kan na'ura, domin jirgin da ya sauka daga layi wuta na kunne zai iya haɗa ƙarfe biyu ya narkar da roba cikin ɗan lokaci. An gama wasa, jirgi da tarago su koma ɗaki. A wannan hunturun kuwa, in sanyi ya riga ka kafin ka haƙa gadon, ka bar layin inda yake, ka ciro mararraba kawai, ka kafa 'yan turaku masu launi a gefensa don a san yana nan idan ganye ko ƙanƙara suka rufe shi, ka fara haƙa a watan Maris ko Afrilu lokacin da ƙasa ta saki.